Kwaɗo a Foldar Mai Hoto

Kwamfutar shagon ƙofa biyu gare ta. In an kunna ta sai ta fito da sunaye biyu, ɗaya an rubuta Shago, ɗayan an rubuta Mai Hoto. Dogo ne ya tsara ta haka, mai gyaran kwamfuta na layin baya, tun shekarar da ya shawo kan abokinsa mai shagon ya rufe ɗakin duhu ya daina wankin hoto da ruwan magani. Ta ƙofar Shago Auta take shiga ta buga hotunan da aka gama. Ɗaya ƙofar kuwa ta mahaifinta ce shi kaɗai, ko matarsa ba ta san kalmar sirrin ba.

Ba wai akwai abin ɓoyo a ciki ba ne. Tsarin aikinsa ne haka. Duk hoton da ya ɗauka a foldarsa yake zama, ɗanye, har sai ya bi shi da gyara: ya rage maiƙon goshi, ya daidaita wuyan riga, ya share ƙurjin da ya rasa ranar fitowa a hancin yaro sai ranar hoto. Sai ya gamsu sannan ya tura wa Auta ta buga. Ɗanyen hoto ba ya fita daga foldar nan. Doka ce, kuma da ita Auta ta tashi. Tana ƙarama takan tsaya a bayan kujerarsa tana kallo, in ta buɗe baki ya ce, "Kallo na ce ki yi, ba surutu ba." Da ta girma ya bar mata firinta da almakashi da tarbar masu zuwa. Gyara dai bai taɓa sakar mata ba.

Ranar da abin ya same shi, daga makarantar sakandaren unguwar ya dawo, ya ɗauko hotunan 'yan ajin ƙarshe na katin jarrabawa. Ya zuba su a foldarsa, ya goge katin kyamara kamar yadda ya saba, ya tashi zai wanke hannu. A gindin famfo Auta ta same shi, ruwa na zuba, bakinsa ya karkace, yana kallonta kamar mai son ba da haƙuri.

Shanyewar ɓarin jiki ce, aka ce, ɓangaren dama. Ya yi kwanakinsa a asibiti aka sallamo shi, aka sauko da gadonsa falo don matakala ta fi ƙarfinsa. Magana ta kakkarye masa, kalma ɗaya sai ya yi ta lalube kafin ya kamo ta. Amma ta farko da ta fito sarai, ba gargada, ita ce, "Makaranta."

Mama tana ba shi shayi da cokali a lokacin. Ta ajiye kofin.

"Hotunan suna nan suna jiranka, Malam. Wa zai taɓa su? Ai kai ka kulle abinka ka taho da mabuɗin."

Rabin bakinsa ya yi murmushi.

Akwai likitar gashin ƙashi da ke zuwa gida tana murza masa hannu da ƙafa, 'yar siririya mai ƙarfin yatsu. Da farko in ta shigo bango yake juya wa fuska. Bayan wannan maganar sai ga shi yana matse haƙora yana tura hannunta, in ta ce ya isa ya girgiza kai.

"Me kuka ba shi?" ta tambayi Mama a bakin ƙofa tana saka takalmi. "Mutumin da shekaranjiya ya juya mini ƙeya, yau shi ke cewa a ƙara."

Mama ta gaya mata.

"To ku riƙe wannan da hannu biyu. Ni jijiya kawai nake murzawa, Mama, abin da ke sa mutum ya so tashi ba ya cikin jakata. Na ga waɗanda ciwonsu bai kai nasa ba sun kwanta sun ƙi motsi, don babu abin da ke jiransu a waje. Kada ku bari ya rasa shi."

Da rana in an kwashe kwanuka sai ya nuna a bar masa tire. Ya kife shi a cinya, ya riƙa danna bayansa da yatsan hagu, harafi bayan harafi, yana koya wa hannun da bai saba ba hanyar kalmar sirrinsa. In Mama ta matso sai ya karkata kafaɗa ya kare.

"Oho dai," in ji ta. "Ni da ko kunna abin ban iya ba, ni ake wa ɓoyo. A bayan tire kuma!"

Ya yi dariyar da ta ƙare da tari.

A shago kuwa Hedimastan makarantar ya fara sintiri. Gajere ne, mai haƙuri, kullum da gumi a wuya. Zuwansa na farko jikin mara lafiya kawai ya tambaya. Na biyu ya tambayi jiki, ya tambayi hotuna. Daga baya ya daina zama in an ba shi kujera.

"'Yar Baba, ba matsa miki nake ba, ni ma matsa mini aka yi. Yaron da hotonsa bai hau kati ba kafin ƙarshen makon nan ba zai zauna jarrabawa ba, sai baɗi."

"Ranka ya daɗe, in na zo da kyamara gobe na sake ɗaukar su fa?"

"Ki ɗauki wa? Kujeru? Mun sallame su hutun karatu, kowa ya kama gabansa. Wasu suna wajen kakanninsu, wasu wayar iyayensu ma ba ta shiga. Kafin in tattaro rabinsu an rufe." Ya share wuya da hankici. "Ba za ki tambaye shi kalmar ba? Magana ɗaya ce fa."

Ta tambaye shi da yamma, tana yanke masa farce, cikin lallashi.

"Baba, da ka gaya mini kalmar nan da na ɗan rage maka aiki kafin ka taso."

Fuskarsa ta canza nan take. Ya janye hannun, ya bugi ƙirjinsa da shi.

"Ni. Ni... zan."

Ranar bai ci abinci ba. Washegari da Likita ta zo ya koma juya wa bango fuska, sai da Mama ta yi ta rantsuwa cewa yarinya ce ta yi suɓutar baki, babu mai taɓa masa kaya.

A kicin Auta ta ce ko a ɗauko masa kwamfutar gida, ya buɗe da kansa.

"Ki kawo masa ya ga me?" in ji Mama, murya ƙasa-ƙasa. "Hannun da ko cokali bai riƙe ba tukuna? Ki ɗora masa aikin a gaba ya kasa, ki gama da shi gaba ɗaya?"

"To yaran mutane fa, Mama? Shekara guda za su rasa."

Mama ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ki je wajen Dogo. Ni ban ji ba, ban gani ba."

Dogo ya zo da safe, tabarau na lilo a ƙirji, ya sunkuya ya shigo don ƙofar shagon ba ta kai tsawonsa ba.

"Kawu, akwai yadda za a shiga foldar Baba ba da kalmarsa ba?"

"'Yata, ni fa na gina gidan nan. Kin taɓa ganin magini ya kwana a waje?" Ya zauna a kujerar Mai Hoto, ta yi ƙara. "Ji nan, ita ma ta tsufa kamar mai ita. Fara gwada naki in gani."

Ta buɗe tagar fayiloli kamar kullum, wadda ke nuna foldodi a jere, ta danna ta mahaifinta. Saƙon da ta sani ya fito: ba ki da izinin ganin abin da ke cikin wannan folda.

"Madalla, injin ya san aikinsa. Yanzu duba."

Ya buɗe wata baƙar taga, ya rubuta layi guda, ya sa wata kalmar sirri da ba ta taɓa jin labarinta ba. Tagar fayiloli ta sake buɗewa, foldodin nan dai a jere, sai dai yanzu akwai jan layi shimfiɗe a samanta.

"Ita ce dai wadda kika saba, ba wata ba. Bambancin, ɗazu a matsayin Shago kika buɗe ta, yanzu kuwa a matsayin adimin, wato mai iko da injin ɗin kaf. Shi ba a ce masa a'a. Danna."

Ta danna. Ta zaci za a yi wata gardama, ko ɗan jinkiri, ko wata ƙara. Foldar ta buɗe shiru kamar labule. Fuskokin yara suka cika allon, layi-layi, da fararen riguna, wasu sun ƙwalalo ido, wasu suna danne dariya. Auta ta ji kamar ta faɗa ɗakin mahaifinta ba sallama ta same shi ba riga.

"Jan layin nan gargaɗi ne," in ji Dogo. "A nan in kika goge abu ba mai riƙe miki hannu. Ki kwashi hotunan ki kai su ɓangarenki, ki yi aikinki a can, ki rufe wannan. Ba wurin zama ba ne." Ya sa ta maimaita layin da kalmar har ta riƙe. Wayarsa ta yi ƙara, wani na zaginsa a kan injin da ya yi alkawari tun makon jiya. Ya miƙe yana ba da haƙuri, daga bakin ƙofa ya juyo. "Ki gaishe mini da tsohon banzan nan. Ki ce na ce kwanciyar ta isa haka, ba shi ya fara ciwo a duniya ba."

Da ta rage ita kaɗai ta zaɓi hotunan duka, ta ja su da maus za ta kai ɓangaren Shago. A tsakiyar hanya hannunta ya tsaya. Ɗanyu ne. Tunda take ba ta taɓa ganin ɗanyen hoto ya tsallake ƙofar nan ba. Ta riga ta shigar masa ɗaki, ta ga ba za ta iya ƙarawa da fitar masa da kaya tsirara ba. Ta mayar da su.

Sai ta yanke ta yi aikin a ciki, yadda yake yi. Ta buɗe wata ƙaramar folda a gefe ta ajiye kwafin ɗanyun, don in ta gama ta mayar masa da su yadda ya bar su. Sannan ta gyara zama a kujerarsa ta buɗe na farko, wani yaro mai kunnuwa a tsaye da ƙaton ƙurji a gefen hanci.

Abin da ya tsorata ta shi ne hannunta bai yi dabur-dabur ba. Ya san iya inda ake rage maiƙo a tsaya kafin goshi ya koma kamar na roba. Ya san tabon da aka haifi mutum da shi ba a gogewa, ƙurji kawai ake kora, don shi baƙo ne. Ya san yadda ake ɗaga inuwar da ke ƙarƙashin haɓa ba tare da an canza wa yarinya launin fata ba. Duk shekarun da ta yi a bayan kujerar nan baki a rufe, ashe a yatsunta suka taru. Ta so ta ji daɗi, abin ya ƙi. In ta gama ɗaya sai ta waiga ƙofa.

Duk wanda ta kammala ta tura shi ɓangaren Shago ta buga. Da aikin ya ƙare ta goge nata gyararrun daga foldarsa, ta kwaso ɗanyun daga inda ta ajiye ta mayar da su mazauninsu, da sunayensu da jerinsu, ta kawar da ƙaramar foldar. Ta duba ta sake dubawa ta cikin tagar mai jan layi. Komai yana nan kamar ranar da ya tashi wanke hannu. Ta rufe.

Hedimasta ya zo karɓa, ya zare 'yan kaɗan daga ambulan ya ɗaga su saitin haske.

"A'a! Ashe tsohon ya ji sauƙi har ya zauna aiki? Kai, hannun Baba ba ya ɓuya. Dubi wannan ɗan iskan, ya fito kamar mutumin kirki."

Auta ta ce, "Allah ya ba su sa'a," ta shiga neman abin ɗaure ambulan.

A gida kuwa Mai Hoto yana ta samun ƙarfi. Ya fara zama ba jingina, ya fara takawa da sanda daga gado zuwa ƙofa. Yatsun dama suka soma lanƙwasa in ya umarce su, a hankali, kamar masu jin nauyi. Lissafin kwanaki ya ɓace masa tun a asibiti, amma wani lokaci yakan ɗaure fuska ya ce, "Jarrabawa?" Mama ta ce an ɗaga, ai ka san halinsu, kullum cikin ɗagawa suke. Sai ya gyaɗa kai ya nemi tire. Yaran kuwa sun riga sun zauna sun rubuta sun watse.

Ranar da Likita ta ce zai iya fita, shi ya zaɓi rigar da zai sa. Aka ɗauko tasi. Tela na maƙwabtaka ya bar keke ya fito da gudu da zare a baki, mai shagon magani ya leƙo yana ɗaga hannu, kowa na barka da arziki. Mai Hoto ya amsa da kai, idonsa na kan ƙofar shagonsa. Ya ƙi a riƙe shi a dokin ƙofa, ya tsallake da kansa.

Ya zauna. Auta ta kunna injin ta koma bayan kujera, inda ta saba tsayawa. Mama ta zauna a bencin masu jira, jaka a cinya. Ya danna sunansa, ya karkata kafaɗa ya kare, ya fara da yatsan hagu. Karon farko injin ya ƙi. Ya ja numfashi, ya goge yatsan a riga, ya sake. Ta buɗe.

"Alhamdu lillahi," in ji Mama.

Ya waigo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, yana haki kamar wanda ya hau dutse. Sannan ya shiga foldar makaranta.

Fuskokin suna nan layi-layi. Amma a kusurwar kowane hoto akwai ɗan ƙaramin kwaɗo, a rufe. Babu wanda ya tsira. Auta ta gan su lokaci ɗaya da shi. Ta cikin jar taga ba su taɓa nunawa ba.

Ya matso da fuska ya ƙura musu ido, ya ɗan yi tsaki irin na wanda injin ya saba yi wa sabon salo, ya buɗe na farko. Yaron nan mai kunnuwa a tsaye. Ya kama maus da hagu, ya ɗauko hannun dama ya ɗora a kai, ya fara.

Ya daɗe. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya tashi daga ƙafar benci ya koma tsakiyar ɗaki. Wata mata ta zo hoton fasfo, Auta ta ce ta dawo da yamma. Maus ɗin yana zamewa, ya wuce ƙurjin ya shafi hanci, sai ya koma baya ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan rigar da ya zaɓa. A ƙarshe ƙurjin ya tafi, ya bar wani ɗan dusu-dusu a gurbinsa kamar an shafa da yatsa mai maiƙo. Ya dube shi, ya san bai yi ba, amma ya gyaɗa kai. Na farko ne. Ya danna ajiyewa.

Saƙo ya fito. Ya kawar da shi ya sake dannawa. Ya sake fitowa. Sai ya tsaya ya karanta, leɓensa na motsi: ba ka da izinin canza wannan fayil, mallakar adimin ne.

"Izini?" ya ce. Ya juyo ya dubi Auta. "Folda... ta."

Mama ce ta yi saurin miƙewa. "Injin ne, Malam, ya daɗe ba a taɓa ɓangarenka ba. Bari a kira Dogo." Ta leƙa ta roƙi Tela ya yi masa magana.

Dogo ya shigo da hayaniyarsa tun daga waje. "Ina yake? Ina ragon nan da ya bar mana layi ba mai faɗa? Kai, mutumina, ka rame ka ƙara muni, da ma can yaya!" Ya rungumo kafaɗarsa, ya ɗora tabarau a hanci ya leƙa allon. "Me ya faru kuma? Au. Kai, 'yata, ashe a ciki kika yi aikin? Ai na ce ki kwashe su waje. Duk abin da aka ajiye ta jar tagar nan na adimin yake zama, shi ya sa kwaɗo ya..."

Ya ga fuskar Mama.

Fankar sama tana ta juyawa. A waje keken Tela ya ci gaba da ƙara.

"Wace... taga?" in ji Mai Hoto.

Auta ta zagayo ta durƙusa a gefen kujerar. Ta gaya masa duka, kanta a ƙasa: Hedimasta, ƙarshen mako, yaran da suka watse, jan layi. Ta ce ba ta fitar da ɗanye ko ɗaya ba, a ciki ta yi, ta mayar masa da nasa yadda ya bari. Ya saurara har ta kai ƙarshe, bai katse ta ba, ko da yake da ma ba shi da bakin katsewa.

"Jarrabawa?"

"An yi, Baba. Sun gama."

Bai dubi Mama ba. Ita ma bangon da ke gabanta take kallo.

"Kawo," ya ce.

Ta gane. Akwai ragowar da ta buga a aljihun tebur, ta lalubo na yaron nan ta miƙa masa. Ya karɓa da hagu ya kai shi jikin allon, gefe da gefe da wanda ya shafe safiya yana yi. Fuska ɗaya sau biyu. A takardar hancin sumul yake, fata da ƙwayoyinta, ba a gane an taɓa wurin. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake wa aiki kafin ya sake shi.

"Hedimasta... ya ce?"

"Ya karɓa, Baba."

"Ya ce?"

Ta so ta ƙirƙiro wani abu, amma ƙaryar gidan ta riga ta ishe ta.

"Ya ce hannunka ba ya ɓuya."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ajiye hoton a tebur, ya daidaita shi da gefen teburin.

Dogo ya yi gyaran murya. "Abu kaɗan ne fa, mutumina, matsa ka gani." Ya sunkuya ta saman kafaɗarsa, ya buɗe baƙar taga ya rubuta layi guda. Kwaɗunan suka ɓace gaba ɗaya, kamar ba a taɓa yin su ba. "Shi ke nan. Ga kayanka sun dawo sunanka. Ajiye abinka."

Mai Hoto ba allon yake kallo ba, yatsun Dogo yake kallo.

"Kai ma... kana da."

"Mabuɗin? To ai dole. Kowane inji yana da adimin, in ba haka ba wa zai gyara in ya lalace? Ban taɓa leƙa maka ba, wallahi, ko sau ɗaya."

"Tun... yaushe?"

"Tun ranar da na haɗa shi."

"Tun farko," in ji Mai Hoto, kuma wannan ta fito sumul.

Ya kai hannu ya rufe hoton. Injin ya tambaya ko a ajiye gyaran da aka yi. Ya lalubi a'a ya danna. Sannan ya nemi sandarsa.

"Gida."

Bai yi faɗa ba, ko a ranar ko bayanta. Da ya yi da Auta ta fi samun sauƙi. Yana cin abin da aka ba shi, yana amsa gaisuwa, in Mama ta fara ba da haƙuri ya ɗaga mata hannu alamar ya wuce. Likita in ta zo ba ya juya mata baya, yakan miƙa hannun ta yi yadda ta ga dama da shi.

"Tura ni, Baba. Tura mana."

Sai ya dube ta da ladabi, hannun na kwance a nata.

A bakin ƙofa ta ce wa Mama, "Kamar tsumma nake murzawa. Me ya faru?" Da ta ji, ta ɗaure igiyar takalminta ta tafi. Yatsun da suka fara buɗewa suka soma komawa cikin tafin hannu.

Auta ta gwada dabara. Ta zo masa da wani tsohon hoto da aka kawo gyara, ruwa ya ci rabin fuskar mai shi.

"Baba, wannan ya gagare ni. Ko za ka zo ka duba mini? Wallahi ban san ta inda zan fara ba."

Ya karɓa ya duba, ya duba ta. Shi ya haife ta, ya san fuskarta in tana rantsuwar da ba ta kai ciki ba.

"Kin iya," ya ce, ya miƙa mata.

Mama ce ta dage sai ya riƙa fita, ko don ya sha iska ya ga mutane. Bai musa ba. Kowace safiya tasi na sauke su shi da Auta a ƙofar shago. Sai dai ba ya shiga. Ya sa an fito masa da benci waje, gefen ƙofa, ƙarƙashin rumfar Tela, nan yake zama da sanda tsakanin gwiwoyi, hannun dama a cinya, yana kallon masu wucewa. Dogo yakan zo ya zauna kusa da shi ya yi ta zuba, ya tsokane shi, ya gaji ya tashi.

Wata safiya wani mutum ya tsaya da 'ya'yansa biyu, an yi musu aski an shafe su da mai, baƙo ne a layin. Ya duba allon saman ƙofa, ya dubi tsohon da ke benci.

"Sannu, Baba. Mai Hoto yana nan kuwa?"

Daga ciki Auta ta ji tambayar, ta ɗaga hannu daga kan maus ta saurara.

Ya janye sandarsa don yaran su samu hanya, ya nuna ƙofar da hagu.

"Tana ciki," ya ce.